Raga Sai an Kira

Ranar farko da Noelene ta hau gadar kamun kifi ta Port Hughes, babu dokar wurin da ba ta taka ba, kuma duk cikin minti goma. Mace mai shekara sittin da uku, ta sayi sandar fatsa a Moonta ranar Juma'a, ko takardar farashin ba ta ɓare ba, da safiyar Asabar sai ga ta tana taka katako har can ƙarshe, inda gadar ta tsaya a tsakiyar teku. Ba ta gaida kowa ba. Ta wuce masu ƙaguwa, ta wuce masu kamun kalamari, halittar tekun nan mai hannuwa da yawa, ta je ta dire bokitinta dab da ƙafar wani ƙaton mutum mai jar hula, ta ɗaga sanda ta wurga ko waiwaye babu. Dalmar da ke bakin zaren ta wuce kunnen wani tsoho da ƙyar, zaren ya tafi a karkace ya haye na mai jar hular, suka sarƙe.

Mai jar hular nan Warrick ne, ɗanta, wanda ta tafi ta bari yana ɗan shekara tara. Duk garin an san labarin, ba asiri ba ne. Ta bi wani direban motar alkama zuwa Perth, ta bar yaron da ubansa Lindsay, mutumin kirki amma wanda sai ya yi mako bai faɗi kalma ashirin ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Direban ya mutu, Lindsay ma ya mutu bara, ita kuma ta dawo ta kama ɗaki a wurin 'yan hutu da ke bakin ruwa. Ta je gidan Warrick sau biyu, matarsa ta tare ta a ƙofa cikin ladabi ta ce bai shirya ba. To, gida nasa ne, amma gada ta kowa ce, kuma kowace Asabar yana can ƙarshenta. Abin da ya sa ta sayi sanda ke nan. Kifi bai dame ta ba, ƙarninsa ma tashin zuciya yake sa ta.

Warrick ya sunkuya ya warware zaren biyu a hankali, bai dube ta ba. Ya miƙa mata nata, ya naɗe nasa, ya ɗauki kayansa ya tafi, alhali ko awa ɗaya bai yi da zuwa ba.

Tsohon da dalma ta kusa cire wa kunne shi ne Cosimo, ɗan Italiya da ya yi aikin ma'adini a Port Pirie har ya yi ritaya, kuma a ganinsa gadar nan gadonsa ce. Ya tako yana ɗingishi, ya tsaya yana kallon takardar farashin da ke lilo a jikin sandarta.

"Baiwar Allah, kisa kika zo yi ko kamun kifi?"

"Ka yi haƙuri," in ji ta, idonta na kan bayan Warrick.

"Na yi. Kunnen ma dama ba ya ji sosai. Amma na san ki, na kuma san abin da ya kawo ki, kuma a yadda kika faro ɗin nan, ko gaisuwa ba za ki samu ba. Ɗauki bokitinki mu koma baya. Nan ba wurin 'yan koyo ba ne."

Ya mayar da ita har fitila ta uku cikin fitilun da ke jere a gadar, in an ƙirgo daga bakin tudu, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, inda 'yan hutu ke tsayawa su ɗauki hoto. Ya ce daga nan kowa ya fara. Ta ji kunya har cikin ƙashinta, amma ta tsaya, don ba ta da wata hanya.

Haka Cosimo ya zama malaminta, malami mai baƙar magana. Ya koya mata ɗaurin ƙugiya, tana yi yana ja yana tsinkewa yana cewa ko kyanwa ba za a ɗaure da wannan ba. Ya koya mata soke tsutsa, ta rufe ido ta soke, ya ce tsutsar ce ya kamata ta rufe ido. In za ta wurga sai ta waiwaya, kuma ta wurga gabanta sak, ba gaban maƙwabci ba. In ta zo ta tarar da mutum, ta bar tsawon sanda biyu tsakaninsu, in wurin ya yi kaɗan ta tambaya, in an yi shiru ta ƙara gaba. Ba a leƙa bokitin mutum. In kalamari ya fesa tawada a kan katako, mai shi ne zai ɗebi ruwa ya wanke kafin ta bushe, don ba wanda ya zo a ɓata masa wando. Ƙaramin kifi a auna shi a jikin ma'aunin da ke kafe a ƙarfen gada, in bai kai ba ya koma ruwa. Wata rana ta kama talibamban, ta yar da shi a kan katako don ƙyama, Cosimo ya yi mata tas a gaban mutane.

"Wannan guba ne. Karen wani ya zo ya haɗiye, ke za ki je ki yi wa mai karen bayani? Mayar da shi inda kika samo shi."

Ta mayar. Ita da ta yi shekara ashirin tana shugabantar masu wanki a wani asibiti a Perth, ga ta ana yi mata faɗa kamar 'yar firamare, tana cewa to.

Abin da ta fi wahalar koya shi ne gaisuwa. A gadar nan duk wanda ya shigo yana gaida kowa har ya isa wurinsa, ba doguwar gaisuwa ba, ɗan "kwana lafiya" da ɗaga haɓa. Warrick yakan iso ƙarfe shida da rabi, sanduna biyu a kafaɗa, yana tafe yana gaisuwa dama da hagu. In ya zo daidai inda take sai ya sami abin dubawa a cikin ruwa ta ɗaya gefen. Asabar ta farko haka, ta biyu haka, ta biyar haka. Ita kuwa takan tsaya ta ba shi baya da gangan don kada ta takura masa, tana sauraron takunsa a kan katako har ya wuce, sannan ta saki numfashi.

Daga nesa take karantar ɗanta. Ta ga bahago ne kamarta. Ta ga yana yanke zare da haƙori, ta ji kamar ta je ta buge masa hannu. Ta ga yadda yake barin nasa ya je ya warware wa baƙi zarensu, yadda yake ba 'yan hutu kifi in sun tashi da bokiti wayam, yana zolayarsu cewa su gaya wa mutanen Adelaide su suka kama. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Wannan ya faranta mata rai, ya kuma ƙona ta, domin babu ko ƙwayar kirkin nan da za ta ce ita ta shuka.

Duk bayan mako biyu ko uku Cosimo yakan ce, "Ɗauki bokitinki," ya matsar da ita fitila ɗaya gaba. Ba wanda ya ɗora masa wannan aiki, ba kuma wanda ya hana shi. Ta bar wurin 'yan hutu ta shiga cikin masu ƙaguwa, ta bar su ta shiga cikin masu kalamari, ta fara kama ƙananan kifayen da suke kira tomi har tana ba maƙwabta. Ta fara zuwa da fulas na shayi da burodin nama na Moonta guda biyu, ɗaya nata ɗaya na malam. A Asabar ta tara, Warrick ya zo wucewa, ya ce "kwana lafiya" ga na gabanta, ya ce ga na bayanta, a tsakani kuma ya ce da ita, da murya iri ɗaya, bai rage tafiya ba.

Ta zauna a kan bokiti.

"Ka ji?" ta ce da Cosimo. "Ya gaishe ni."

"Na ji. Ya gaishe ni ni ma, ya gaida Reg da ke gefenki, ya gaida karen Reg. Kada ki gina bene a kan wannan, Noelene."

Ta gina. Wa zai hana ta? Ta kwana bakwai tana jujjuya kalmomin nan biyu, tana neman wani abu a cikinsu da ba a sa ba.

A wata na huɗu Cosimo ya kawo ta fitila ta ƙarshe, taku goma sha biyu daga inda Warrick ke tsayawa, ya nuna mata ragarsa. Raga ce mai zoben ƙarfe, faɗinta ya kai tayar mota, da doguwar igiya. Gadar tana da tsayi, daga katako zuwa ruwa ya fi tsawon mutum biyu, saboda haka babban kifi ba ya hawowa da zare, tsinkewa zai yi. Dole wani ya zura raga a ƙarƙashinsa ya jawo. Ya sa ta gwada da bokiti cike da ruwa har kafaɗunta suka yi tsami.

"Yanzu ki buɗe kunne, don wannan ta fi duk sauran. In wani ya kama babba, ki naɗe zarenki, ki kwashe kaya daga hanya. Kina iya ɗaukar raga ki tsaya. Kina iya cewa 'ga raga' sau ɗaya, ba sau biyu ba. Amma ba kya sa ta a ruwa sai mai kifi ya ce sa. Kifinsa ne, shi ya san lokacinsa. Na ga 'yan'uwa biyu da suka yi shekara goma ba sa magana saboda ɗaya ya yi karambani ya buge wa ɗaya kifi daga ƙugiya."

"In bai ce ba fa?"

"Wane mahaukaci ne zai ƙi cewa?"

Ranar da abin ya faru Asabar ce ta watan Yuni, lokacin hunturun ƙasar, sanyi ya kama sosai, iska na busowa daga kudu da yayyafi. Masu hankali duk suna gida. Su uku ne kawai a ƙarshen gada, Warrick da Cosimo da ita. Wajen ƙarfe takwas shayin fulas ya yi wa Cosimo aiki, ya ce bari ya je bayan gida, ya kama hanyar tudu yana zagin gwiwarsa da wanda ya gina gada mai tsawon nan bai sa makewayi a tsakiya ba.

Ya kai tudu ke nan injin naɗe zaren babbar sandar Warrick ya ɗauki ƙara. Sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Warrick ya cafe ta, ya kafa ƙafa, zare na fita ba tsayawa. Shekara da shekaru yana sa ɗanyen kifi a babbar sandar nan yana jiran mulloway, kifin da ake kamawa a gadar nan sau ɗaya a shekaru, ana kuma yin labarinsa har a gaji.

Noelene ba ta tsaya tunani ba. Ta naɗe zarenta, ta naɗe na Cosimo, ta naɗe ƙaramar sandar Warrick ta jingine gefe. Ta janye bokitai uku daga hanya, ta ɗauke wuƙar da ke kan katako. Da kifin ya ja shi hagu ta matsa, da ya dawo da shi dama ta matsa. Sannan ta ɗauki ragar, ta zura ta ta gefen ƙarfe har ta tsaya kamu ɗaya a saman ruwa, ta naɗe igiyar a hannu ta jira.

Minti goma sha biyar suna ja-in-ja. Daga ƙarshe kifin ya taso, fari fat kamar sabon kwano, tsawonsa ya kai na yaro ɗan shekara bakwai. Ya kwanta a gefe a saman ruwa yana buɗe baki, ya gaji tilis. Tsakaninsa da ragar bai fi taku ɗaya ba.

"Ga raga," in ji ta.

Warrick bai amsa ba. Ya dubi kifin, ya ɗaga kai ya dubi tudu. Cosimo ya fito, ya hango sandar a lanƙwashe, ya taho yana sauri irin na mai gwiwa ɗaya, amma gadar nan doguwa ce, ko mai lafiya sai ya yi minti biyar.

Ta gane abin da yake yi. Jiran Cosimo yake.

Igiyar ta fara cin tafinta. Ba abin da ya fi sauƙi kamar ta saki kamu biyu, ta karkata zoben, ta ja. Ta yi shi da bokiti sau talatin. Da ta yi, da kifin yana kan katako kafin ya buɗe baki, kuma wa zai ga laifinta? Bakinta ya buɗe zai sake cewa ga raga, ta rufe shi. Ta tsaya tana kallon gefen fuskar ɗanta, ruwa na ɗiga daga bakin hularsa, muƙamuƙinsa a ɗaure. Kalma ɗaya take jira, ba ma sunanta ba, ba ma Mama ba. Ya ce "sa" kawai, kamar yadda zai ce da duk wani baƙon da ya tsinta a wurin.

Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Kifin ya huta. Ya kaɗa wutsiya, ya miƙe, ya nutsa ƙarƙashin gada, ya zagaya ginshiƙin da kumbar teku ta lulluɓe. Sandar ta miƙe tsaye. Zaren ya dawo yana lilo a iska ba komai a bakinsa.

Warrick ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya fara naɗe zaren a hankali. Ita kuma ta jawo ragar a bushe, ta ajiye, ta ga igiyar ta yanka mata tafi har jini.

"Me ya sa?" ta ce.

Karo na farko cikin shekara talatin da ɗaya ya juyo ya dube ta ido cikin ido. Babu fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi.

"Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba, Noelene. Cosimo ya koya miki da kyau."

"To me ya sa ba ka ce in sa ba?"

"Na taɓa kiranki." Ya ciji guntun zaren ya tofar a tafinsa, ya sa a aljihu. "Ranar da motar ta zo. Na biyo ki har kwanar gidan mai, ba takalmi, ina kira. Gilashinki a sauke yake. Na daɗe ina gaya wa kaina ƙarar mota ce ta hana ki ji."

Tana iya cewa haka ne. Ya ma buɗe mata ƙofar ƙaryar da kansa. Amma ta ji shi ranar, ta ji shi sarai, ta gan shi a madubin gefe da rigar makaranta, ta kuma kafe wuyanta don ta san in ta waiwaya sauka za ta yi.

"Na ji ka," in ji ta.

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. "Na gode da kika faɗa." Ya ɗaure sandunansa biyu, ya zubar da ruwan bokiti. "Ba tsanarki nake yi ba. Na gwada, bai zauna ba. Sai dai bakina ba zai sake roƙonki komai ba, ko raga ce. Na zaci zai iya, yanzun nan na ga ba zai iya ba." Ya saɓa kayan a kafaɗa. "Kin iya yanzu, kuma mutane suna sonki a nan. Ba zan ce ki daina zuwa ba. Ki riƙa zuwa ranar Lahadi. Ni ba na zuwa Lahadi."

Ya kama hanya. Ta tsaya da jini a tafi tana kallon jar hular tana nisa. Wata huɗu tana matsowa fitila bayan fitila, ashe iyakar tafiyar ke nan. Ya yi taku ashirin, ya yi talatin. Ba ta san lokacin da sunan ya kuɓuce mata ba.

"Warrick."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, ga iska, ga yayyafi. Amma ya tsaya. Ya juyo gaba ɗaya da kayansa a kafaɗa, ya tsaya cikin ruwan yana jiran ya ji abin da za ta ce. Shi ya juyo. Wannan ne ya karya ta, don a nan ta ga ɗan ƙanƙanin abin da aka nema a wurinta ranar nan ta hana.

Ban haƙurin da ta shekara talatin tana shiryawa ya yi mata ƙanƙanta, ta ji kunyar fito da shi.

"To," ta ce. "Lahadi."

Ya ɗan jira ko akwai saura. Da ya ga babu, ya gyara sandunan a kafaɗarsa ya ci gaba da tafiya. Can tsakiyar gada ya haɗu da Cosimo, ya dafa kafaɗar tsohon suka yi 'yar magana, ya wuce. Noelene ta zauna a kan bokitinta, ta dunƙule hannun da ke jini a cinya, ta yi kukan da ba ta yi ba a cikin motar alkama.